Bayani A Kan Yadda Jam'iyyun Taimako Suka Rarrabu A Duniya, Da Rabon Ƙasar Zurmi Cikinsu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raba arziki tsakanin bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar da ke gaban malamai da attajirai a wannan shafi ita ce ta jam'iyyun taimakon jama'a, waɗanda mutanen yanzu ke kira ƙungiyoyi masu zaman kansu. Watau jama'a ce ta haɗa kai bisa wani aikin alheri, ba da umurnin hukuma ba, ba kuma don neman riba ba. Wanda duk ya dubi yadda suka rarrabu bisa doron ƙasa zai ga abin al'ajabi, domin sun yi cincirindo inda wadata take, sun ƙaranta inda yunwa da ciwo suke. Ƙasar Zurmi, da maƙwabtanta Shinkafi da Ƙaura Namoda, suna cikin wuraren da rabonsu ya ƙaranta ƙwarai. Sanin dalilin haka ya zama wajibi, zama rayukan yara ƙanana suna rataye da shi.

FASALI NA FARKO: INDA SUKA TARU A DUNIYA

Manyan jam'iyyun nan da ake jin sunayensu a rediyo, akasarinsu a ƙasashen Turawa aka haife su. Jam'iyyar Red Cross an kafa ta a birnin Janeba a shekarar 1863. Save the Children a Landan a 1919. Oxfam a garin Oksfod na Ingila a 1942. CARE a Amurka a 1945. Jam'iyyar likitocin nan na-gari-na-kowa, wadda ake taƙaita sunanta da MSF, a Faris ta ƙasar Faransa a 1971. Har ma Islamic Relief, wadda Musulmi suka kafa, a Birmingham ta Ingila aka kafa ta a 1984, domin can ne masu ba da kuɗin suke, can ne kuma doka ta sauƙaƙa tara su.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da littafi inda take rubuta sunayen jam'iyyun da ta yarda su shiga zaurenta su ba da shawara kan sha'anin arziki da zaman jama'a. A 1946 jam'iyyu 41 ne cikin littafin. Yau sun wuce 6,000. Sai a 1996 aka buɗe ƙofa sosai ga jam'iyyun da aikinsu bai wuce ƙasa guda ba, don na ƙasashe matalauta su samu shiga. Amma duk da haka, rinjaye yana hannun na Turai da Amurka, domin zauren yana birnin Niyok da Janeba, kuma mai son a ji muryarsa can sai ya biya kuɗin jirgi, da na masauki, ya samu biza, ya iya Turanci ko Faransanci.

Su kansu jam'iyyun sun lura da wannan aibi. ActionAid ta ɗauke hedkwatarta daga Landan ta kai Johannasbag a 2004. Oxfam ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Kenya a 2017 ta mayar da babban ofishinta Nairobi. A watan Mayu na 2016 aka yi babban taro a Istambul, manyan masu ba da kuɗi suka ɗauki alkawari cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun jam'iyyun 'yan ƙasa. Alkawarin bai cika ba. A 2022 abin da ya shiga hannunsu kai tsaye bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ma'ana, ofis ya yi ƙaura, amma mabuɗin baitulmali yana nan inda yake.

FASALI NA BIYU: INDA SUKA TARU A NIJERIYA

Yadda abin yake tsakanin ƙasa da ƙasa, haka yake cikin Nijeriya tsakanin gari da gari. Mafi yawan jam'iyyu masu ofis da akawu da mota suna Ikko, watau Legas, da Abuja, wadda ta zama babban birni a watan Disamba na 1991, ofisoshin jakadu suka bi ta, masu neman kuɗin jakadu su kuma suka bi su. Alhali kuwa ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuska da yawa, watau rashin abinci, da rashin asibiti, da rashin makaranta, da rashin ruwa mai tsabta. Daga cikinsu miliyan 86 a Arewa suke. Jihar Sakkwato ce kan gaba da kashi 91 cikin 100 na mutanenta, jihar Ondo kuwa kashi 27.

A Arewa ɗin ma rabon bai yi daidai ba. Da fitinar Boko Haram ta tsananta, labari ya cika duniya, sai jam'iyyu suka kwarara Maiduguri, musamman daga 2016. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa rubuta tsarin agaji kowace shekara, tana roƙon kuɗi dominsa: a 2023 ta nemi dala biliyan 1.3, a 2025 dala miliyan 910. Amma tsarin nan jihohi uku ya ƙunsa, Borno da Adamawa da Yobe. Zamfara da Katsina da Sakkwato ba su ciki. To, ƙa'idar masu ba da kuɗi kuwa ita ce, wurin da ba a rubuta shi cikin tsari ba, da wuya a ware masa kaso. Jam'iyyar da ba a ware wa kaso ba kuma ba ta iya hayar gida, balle ta ɗauki ma'aikata. Babu mai hankalin da zai yi ƙyashin abin da mutanen Borno suka samu, domin wahalarsu ta kai matuƙa. Abin dubawa shi ne, yaron da tamowa ta kama a Dauran ko Moriki, cikinsa bai bambanta da na yaron Bama ba.

FASALI NA UKU: HALIN ZURMI DA MAƘWABTANTA

Ƙasar nan ba ƙasar bara ba ce tun asali. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Kasuwar Shinkafi ta tara fatake daga Gobir da Katsina da ƙasar Nijar. Zurmi na bisa hanyar da ta haɗa Ƙaura da Jibiya, ga gero, ga dawa, ga wake, ga dabbobi. Abin da ya karya ta shi ne fitinar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2018 aka kashe mutane da dama a Birane. A watan Yuni na 2021 aka kashe fiye da 50 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye. A watan Satumba na 2021 hukuma ta yanke layukan waya a jihar, ta rufe kasuwannin mako. Manomi ya bar gona, falke ya bar hanya, mutane da yawa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019.

Daga cikin jam'iyyun waje da suka daɗe a Zamfara akwai MSF. Abin da ya kawo ta shi ne gubar dalma a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, sanadin niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Ta yi wannan aiki har 2022 ta miƙa shi ga hukuma. Ta kuma shiga asibitin Shinkafi da na Zurmi tana taimakon ma'aikatar lafiya wajen jinyar yara. A watan Yuni na 2024 ita da ma'aikatar suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar, a wurare 21 na Shinkafi da Zurmi. Aka tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa, kashi 5 cikin 100 kuwa tasu ta kai haddin da rai ke cikin hatsari. Watau kowane yara huɗu, ɗaya na ciki, har da ɗoriya. Jam'iyyar ta yi ta kuka shekara da shekaru cewa a shigar da Arewa maso Yamma cikin tsarin agaji, domin nauyin ya fi ƙarfin masu ɗauka.

Har ila yau, mai karatu ya lura da abin da ya faru a watan Disamba na 2023. Faɗa ya shigo garin Zurmi har kusa da asibiti, tilas jam'iyyar ta janye waɗansu ma'aikatanta na ɗan lokaci. Ba abin zargi ba ne mutum ya tsere da ransa. Amma darasin a fili yake: garin da ya dogara bisa ƙafa guda, ranar da ƙafar ta yi targaɗe babu tafiya.

FASALI NA HUƊU: DALILAN WANNAN RABO

Dalili na farko, kuɗi. Jam'iyya kamar shuka take, inda ruwa yake nan take tsiro. A ƙasashen Turawa akwai ma'aikata masu albashi da ke ba da ɗan abu kowane wata, akwai attajirai da ke barin waƙafi mai yawa, hukuma kuma tana rage wa mai kyauta haraji. Inda jama'a ke neman na tuwon dare, da wuya a samu mai biyan akawu.

Na biyu, takarda. Masu ba da kuɗi ba su miƙa shi sai ga jam'iyyar da ke da rajista, da asusun banki, da littafin lissafi wanda mai binciken kuɗi ya sa wa hannu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta shar'anta a naɗa amintattu, a rubuta dokokin jam'iyya, a buga sanarwa cikin jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sa'an nan hukumar CAC ta ba da takarda, kowace shekara kuma a kai mata rahoto. Duk da Turanci ake yin wannan. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Risala da Muhtasar, yake rubuta wasiƙa da ajami, a wurin wannan ma'auni ba a lissafa shi cikin masu karatu.

Na uku, hanya da aminci. Ma'aikacin jam'iyya yana son filin jirgi, da masauki, da wayar da ke aiki. Maiduguri na da su. Hanyar Gusau zuwa Ƙaura, da ta Ƙaura zuwa Zurmi ko Shinkafi, ta zama hanyar da matafiyi ke shiga da addu'a. Saboda haka ko waɗanda suka zo Zamfara, da yawa a Gusau suke tsayawa.

Na huɗu, labari. Fitinar da aka kira yaƙi tana jawo 'yan jarida, 'yan jarida su jawo kuɗi. Ta Zamfara an daɗe ana kiranta satar shanu da fashi, watau aikin 'yan sanda, har ta cinye ƙauyuka.

Na biyar, rashin yarda. Jama'a ba su manta gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi wa yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba, shi ne ma ya ƙara wa ƙin rigakafin shan-inna ƙarfi a 2003. Hukumomi ma suna da nasu zato. A watan Satumba na 2019 soja suka rufe ofisoshin jam'iyyu biyu na waje a Arewa maso Gabas na ɗan lokaci. A watan Janairu na 2023 gwamnatin Zamfara ta wancan zamani ta ba da umurni jam'iyyu masu zaman kansu su bar jihar. Bincike a kan baƙo haƙƙin mai gida ne, amma baƙon da ya ji ana iya korarsa dare ɗaya ba ya gina ɗaki.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA BA A ƘIDAYA

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Hausa ba ta san haɗa kai ba sai da Turawa suka zo. Littafin ƙidayar ne ba ya ganin abin da ba shi da takarda. Gayya jam'iyya ce. Adashi jam'iyya ne. Mahauta ƙarƙashin Sarkin Pawa, da maƙera ƙarƙashin Sarkin Maƙera, da dillalai, da 'yan kamasho a tasha, duk jam'iyyu ne masu shugaba da doka. Makarantar allo da zawiya sun daɗe suna ciyar da baƙo da maraya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, jajis suna tasowa daga ƙauyuka suna ɗaukar karatu suna komawa su karantar da mata, tun kafin a haifi Red Cross. Can baya kuma, a Makka, an ƙulla Hilful Fuduli a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, sanadin wani falke baƙo da aka hana kuɗin hajarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta yana saurayi, ya kuma yaba masa bayan aike.

A zamanin kusa ma Arewa ta kafa nata. Taron tattaunawa na Bauci, wanda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka raya a shekarun 1940. Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Fityanul Islam a Kano a 1963. Izala a Jos a 1978. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi, FOMWAN, a Minna a 1985. 'Yan agajinsu su ne ake gani a asibiti da maƙabarta da ranar Idi, a garuruwan da motar baƙi ba ta taɓa zuwa ba. Su ne masu karɓar 'yan gudun hijira tun kafin wani ya zo da takardar ƙidaya.

Sai dai gaskiya a faɗe ta. Waɗannan jam'iyyu sun ƙware wajen gina masallaci, da taron wa'azi, da jana'iza. Ƙalilan ne cikinsu ke riƙe da ɗakin jinyar yara, ko rumbun hatsi na bazara, ko littafin da aka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Saɓanin ɗariƙa da Izala kuma yakan sa a yi rijiya biyu a unguwa guda, wata unguwar babu ko ɗaya. Akwai kuma haɗa kai marar ilimi da doka, irin na waɗansu 'yan sa-kai da suka hukunta mai laifi da marar laifi, wutar ta daɗa ruruwa.

Ƙasashe matalauta sun nuna ana iyawa. A Indunusiya wani malami, Ahmad Dahlan, wanda kuma ɗan kasuwa ne, ya kafa Muhammadiyya a 1912, yau tana da asibitoci fiye da 100. A Karaci ta Pakistan, Abdus Sattar Edhi, ɗan gidan 'yan kasuwa, ya buɗe ɗan ɗakin magani a 1951, ya rasu a 2016 ya bar motocin ɗaukar marasa lafiya ko'ina cikin ƙasar, da sadakar talakawa. A Bangladash jam'iyyar BRAC, wadda aka kafa a 1972, ta bi gida gida a shekarun 1980 tana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari don zawo, ta kuma zama cikin mafi girma a duniya.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA YA WAJABA YANZU

Shekarar 2025 ta nuna zanen aro ba ya rufe katara. A watan Janairu shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje, a farkon Yuli aka rufe hukumar USAID. A watan Fabrairu Ingila ta ba da sanarwar rage nata. A watan Yuli hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi cewa za ta tsayar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas don rashin kuɗi. A wannan watan MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a wuraren jinyarta na jihar Katsina cikin wata shida. Kadan wanda ke cikin tsari ya rasa, ina ga wanda tun farko ba a rubuta shi ba?

Shari'a ta riga ta ba da ma'auni. A mazhabar Imamu Malik, zakka ana raba ta inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a wuce da ita tazarar ƙasaru, watau mil 48, sai fa idan na nesa sun fi buƙata, sa'an nan a kai musu mafi yawanta. Hukuncin ya ɗora dukiya bisa sawun buƙata. Attajirin Zurmi ko Shinkafi da fitina ta mayar Gusau, ko Kano, ko Abuja, ya tambayi malamansa a kan wannan mas'ala kafin ya fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa. Manomin da Allah Ya ba ausuƙi biyar, ushirinsa na da masu jira a bakin ƙofa. Zamfara kuwa tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin da aka ƙaddamar da shari'a, haƙƙin jama'a ne su nemi sanin abin da aka tara a kowace gunduma da inda aka kai shi.

Abu uku ke hannun masu karatun wannan shafi. Na ɗaya, malaman gari, na ɗariƙa da na Izala, da shugabannin kasuwa, su zauna inuwa guda su kafa jam'iyya ɗaya domin abu ɗaya, abincin yara da maganinsu, a bar saɓani a ƙofar zaure. Na biyu, a yi mata rajista. Ƙaura Namoda na da babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983, ɗiyan ƙasar nan masu ilimin akawu ba su ƙare ba. Su riƙe littafi da boko, almajirai su kwafe shi da ajami, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, domin amana ba ta tsoron lissafi. Na uku, a rayar da waƙafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usman ya yi da rijiyar Ruma. Shago guda a kasuwa, ko rumbu guda da za a cika da kaka a buɗe da bazara, ya fi alkawarin Istambul amfani ga yaron Kwashabawa.

Wannan ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Tsaron hanya da gona, da biyan likita, aikinta ne, babu jam'iyyar da za ta ɗauke mata. Ba ya kuma nufin a juya wa baƙi masu taimako baya, domin wanda ya bar ƙasarsa ya zo jinyar ɗiyan wani ya cancanci godiya da kariya. Sarakuna da 'yan majalisar ƙasar nan su ci gaba da neman a rubuta Arewa maso Yamma cikin tsarin agaji. Amma jam'iyyar gida mai takarda da littafi ita ce ke iya zama da baƙo su yi magana ido da ido, ita ce kuma ke saura ranar da baƙo ya ɗaure kayansa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Allah Ya kawo zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda da sauran ƙasashen Musulmi, Ya mayar da manomi gonarsa da falke hanyarsa, Ya rayar da yara, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin. Wassalamu.